RA'AYINMU: Waswasin cuta na cin ƙuruciyar yara, yana cin jarin iyaye

Duk wanda ke zaune a rumfa ko a shago, tun daga babbar kasuwar Maraɗi zuwa kasuwar Dole ta Damagaram, daga Tawa zuwa Katako da Wadata a Yamai, da wuya a ce bai san wani gida ba da ke fama da irin wannan yaro. Saurayi ne ko budurwa, ɗan shekara 17 ko 20 ko 25, yana cin tuwonsa, yana tafiya da ƙafafunsa, amma ya haƙiƙance cewa akwai wata muguwar cuta a jikinsa wadda likitoci suka kasa ganowa. Yau zuciya ce, gobe ƙoda, jibi kansa ko sida. An kai shi CSI na unguwa, an wuce da shi babban asibiti, an ɗebi jini, an ɗauki hoton ƙirji, takarda ta fito ta ce lafiya lau. Sai ya yi kwana biyu da sanyin rai, ran na uku ya tashi ya ce na'urar ce ba ta da kyau, ko kuma likitan sauri yake yi bai duba shi sosai ba.

Mun ga ya dace mu kawo wannan magana a wannan shafi domin ku ne, ƴan kasuwa maza da mata, kuke biyan kuɗin wannan wahala. Jaka biyu nan, jaka biyar can, kuɗin kabu-kabu, kuɗin awo, kuɗin magani, ga yinin da aka rufe rumfa aka tafi bin layi. Uwar da ke tuyar ƙosai ko sayar da kayan miya, in ta ɗauki kwasar adashinta ta kai ga awo na huɗu a kan ciwon da awo uku suka ce babu shi, to jarinta ne ta taɓa, kuma jari in ya karye ba a ɗora shi da kwana ɗaya.

Abin da muka lura shi ne, iyaye sun rabu gida biyu a kan lamarin. Wasu, galibi maza, sukan ce iskanci ne da lalaci, yaro ba ya son aiki ne, ko yarinya aure take so. Wasu kuma, galibi mata, tausayi ya kan kama su, duk inda aka ce akwai magani sai sun je, duk abin da yaro ya ce a auna sai an auna. Mu a ganinmu dukansu biyu sun kauce hanya, kuma na biyun, duk da kyakkyawar niyyarsu, su ne suka fi ciyar da cutar gaba.

Domin kuwa cuta ce. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta sanya wannan hali cikin kundinta na cututtuka, kuma likitoci sun daɗe da saninsa. A Hausance babu sunan da ya fi dacewa da shi kamar waswasin cuta. Yaron ba ƙarya yake yi ba. Da ya ce gabansa na faɗuwa, gaban nasa na faɗuwa. Da ya ce hannuwansa na yin sanyi, yatsunsa na tsikari kamar ana soka masa allura, haka ɗin ne. Inda ya ɓata lissafi shi ne wajen fassarar abin da yake ji.

Ga yadda abin ke tafiya. Allah ya halicci jikin ɗan Adam da wani shiri na kare kai: da zarar mutum ya tsorata, jiki na sakin wani sinadari cikin jini wanda ke sa zuciya ta ƙara sauri, numfashi ya ƙaru, baki ya bushe, gumi ya keto, ciki ya murɗa. Duk wanda ya taɓa jin an yi ihun gobara a kasuwa ya san wannan. Bambancin kawai shi ne, mai gudun gobara ya san abin da ya tsorata shi, don haka bai damu da bugun zuciyarsa ba. Shi kuwa mai waswasi, abin da yake tsoro yana cikin jikinsa ne. Ya ji zuciyarsa ta buga da ƙarfi sau ɗaya, ya ce shi ke nan ciwon zuciya ne. Tsoron ya sa zuciyar ta ƙara gudu. Gudun ya zame masa shaida cewa zatonsa gaskiya ne. Yana haki, yana shaƙar iska fiye da yadda jiki ke bukata, wannan kuma shi ke kawo jiri da tsikarin yatsu da na leɓe. Kafin minti goma yaro ya fara kalmar shahada, gida ya rikice, an fita neman mota. A isa asibiti abin ya lafa da kansa.

Sannan akwai wani abu da kowace mai sayar da atamfa za ta gane. In mai saye ya zo da niyyar neman aibi a turmi, sai ya samu, ko da zare ɗaya ne ya fita layi. Haka jiki yake. Lafiyayyen jiki ba ya yin shiru: ciki na ƙugi, tsoka na rawa, kai na sarawa in an sha rana, akwai ƴan ƙananan kaluluwa a wuya da hammata da kusan kowa ke da su. Mai aiki ba ya jin waɗannan, hankalinsa na kan ciniki. Mai waswasi kuwa ya zauna yana sauraren jikinsa dare da rana, yana latsa wuri guda sau ashirin a yini har wurin ya yi tsami, sannan ya ce ga shi nan ya fara ciwo.

Wani zai ce, a zamaninmu ba mu san wannan ba, me ya kawo shi yanzu? Akwai shi tun da, sai dai yanzu ya samu taki. Yaran nan sun ga abubuwa. A shekarar 2015 sanƙarau ya kama mutum wajen 8.500 a ƙasar nan, ya kashe fiye da 500, kuma yara da matasa ne ya fi ɗauka, har aka rufe makarantu a Yamai. A watan Maris na 2020 korona ta shigo, aka yi watanni ba abin da ake ji a rediyo sai lissafin waɗanda suka kamu da waɗanda suka mutu. Ban da wannan, babu matashin da bai raka gawar sa'arsa ba, wanda aka ce jiya lafiya lau yake, da dare ya ce kansa na ciwo, da safe babu shi, kuma ba wanda ya taɓa faɗa masa takamaiman abin da ya kashe shi. In ba a san abin da ya kashe aboki ba, to kowane ciwon kai zai iya zama shi.

Sai kuma waya. Da, in yaro ya ji wani abu a jikinsa, kakarsa zai tambaya, ta ce rana ce, sha ruwa ka kwanta. Yau kuwa Google zai tambaya, ko ya buɗe TikTok da Facebook, ko ya saurari saƙon murya da aka turo a WhatsApp, inda wani da ba a san ko wane ne ba yake lissafa alamomi goma na ciwon ƙoda, kuma bakwai daga ciki irin su gajiya ne da ciwon baya da yawan fitsari, abin da duk wanda ya yini yana dako a kasuwa zai ji. Waɗannan dandali kuma an gina su ne a kan su riƙa ƙaro wa mutum irin abin da ya tsaya ya kalla. Yaron da ya kalli bidiyo ɗaya a kan kansa da tsakar dare, gobe zai tarar da goma suna jiransa.

Kada mu ɗora wa waya laifi duka, domin akwai wadda ta riga ta, kuma a cikin kasuwanninmu take. Muna nufin lasifikar masu maganin gargajiya da ke bisa mota ko bisa baro, tun safe har la'asar tana kira: in kana jin kasala, in kana mafarki, in bayanka na riƙewa, in cikinka na kumburi, to sanyi ne ya kama ka, ko basir, ko dattin ciki, kuma in ba ka sha wannan ba, ba za ka haihu ba. Dattijon da ya ga duniya zai yi dariya ya wuce. Amma yaron shago ɗan shekara 18 da ke zaune kusa da wannan lasifika kwana shida a mako, wanda kunya ba za ta bar shi ya tambayi ubansa ko maigidansa komi a kan abin da ya shafi mazakuta ba, shi maganar na shiga. Haka budurwar da ake shirin aurenta, aka cika mata kunne cewa duk wani farin ruwa da mace ke gani alamar sanyi ne mai hana haihuwa, alhali kuwa mafi yawansa halitta ce. Mutane nawa ne suka shiga ɗakin aure da fargabar cutar da ba su da ita?

A nan dole mu faɗi wata magana mai ɗaci, ko da za ta ɓata wa wasu daga cikin masu karanta mu rai, domin mun san a cikinku akwai masu sayar da magani a tebur da masu yawo da shi a kai. Mai waswasi shi ne abokin ciniki mafi daɗi: kullum yana dawowa, ba ya taya farashi, kuma ba ya warkewa. To amma ku dubi abin da kuke miƙa masa. Ƙwayoyin kashe ciwo irin su diklofenak da ibuprofen, in aka daɗe ana sha ba ƙa'ida, suna ƙwaƙule ciki kuma suna lalata ƙoda, wato ainihin ƙodar da yaron ke tsoron ta lalace. Kafso na kashe ƙwayoyin cuta da ake sha biyu yau ɗaya gobe, suna koya wa ƙwayoyin cutar jure magani, ran da ciwo na gaskiya ya zo sai a rasa abin da zai kama shi. Tramol kuwa ba sai mun yi dogon bayani ba, kowa ya ga abin da ya yi wa samarin unguwarsa, kuma da yawa sun fara shi ne da sunan maganin gajiya. Ga kuma jabu: a 2017 OMS ta bayyana cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin namu, kusan magani ɗaya cikin goma jabu ne ko marar inganci. Yaro ya zo muku da lafiyarsa da tsoronsa, ya koma da tsoronsa ba lafiyar.

Wasu ɗakunan awo masu zaman kansu ma ba su fita ba. Awon taifot da ake kira Widal, likitoci sun san yana yawan nuna akwai cuta ga wanda ba shi da ita, musamman a ƙasashen da mutane suka saba haɗuwa da ƙwayar. Yaron da babu zazzaɓi a jikinsa, ya biya da kansa aka yi masa, takarda ta ce akwai, ya samu abin da yake nema. Haka masu yawo da na'urar awon tansiyo. Mutum ya taho a guje cikin rana, gabansa na faɗuwa, aka ɗaura masa a hannu, dole lamba ta hau. Ba a cewa mutum na da hawan jini sai an auna shi yana zaune a natse, a ranaku daban-daban, ana samun 14/9 ko fiye.

In asibiti ya ce babu komi, magani kuma bai yi ba, kun san inda ake nufa. Sai a ce iska ce, ko an yi masa sammu. Ba mu hana kowa addu'a ba, tana kwantar da zuciya, kuma kwanciyar zuciya rabin maganin wannan cuta ce. Abin da muke ƙi shi ne wanda zai karɓi akuya da turmin atamfa, sannan ya nuna kishiyar uwa ko maƙwabciyar rumfa ya ce ita ce. Gidaje sun watse a kan haka, zumunci ya yanke, yaron kuma an ƙara masa tsoro na biyu a kan na farko.

To mene ne abin yi? Da farko a je asibiti, sau ɗaya, a yi shi da kyau. Ba mu ce a yi watsi da ƙorafin yaro ba, domin akwai cututtuka na gaskiya da ke zuwa da faɗuwar gaba da kasala, kamar ƙarancin jini, wanda ya yi yawa a tsakanin ƴan matanmu, da cutar maƙoƙo. Tun watan Satumba na 2024 gwamnati ta rage kuɗin ganin likita da na awo a asibitocinta da rabi, don haka a bi ta nan, a bar likita ya zaɓi awon da ya dace, ba yaro ya zo da jerin abin da ya gani a waya ba. Akwai kuma alamomin da ba a jira da su ko kaɗan: zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya, tarin da ya wuce mako biyu, rama ba dalili, jini a tari ko a bayan gida, idanu su yi ɗorawa, ƙullutun da ke ƙara girma, suma a lokacin aiki ko wasa. Waɗannan asibiti ne kai tsaye. Haka nan in yaro ya fara cewa ya gaji da rayuwa, ko gara ya mutu ya huta, kada a ɗauke ta maganar yara, a kai shi ga likita a ranar, kuma kada a bar shi shi kaɗai.

Mai tsoron sida kuma, awon da aka yi bayan wata uku da abin da yake zargi ya wadatar, babu bukatar na biyar da na shida. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna mutum 4 ne cikin 1.000 na manya ke ɗauke da ita a Nijar, kuma ko wanda ya kamu, akwai magani kyauta da ake rayuwa da shi shekara da shekaru.

Bayan likita ya duba ya ce lafiya, a nan ne aikin iyaye yake, kuma shi ne mai wuya. Yaron zai dawo ya ce, Inna, taɓa nan ki ji, anya ba kumburi ba ne? Ki taɓa ki ce babu komi, ya samu sauƙi na awa ɗaya, ya sake dawowa. Wannan tabbatarwa kamar susar ƙaiƙayi ce, daɗi a lokacin, ƙari daga baya. Abin da ya fi shi ne ki ce masa: na san kana jin tsoro, kuma na san ba ƙarya kake ba, amma likita ya riga ya amsa wannan tambaya, ni ba zan sake amsa ta ba; zo ka taya ni ɗaura kayan nan. Ba da faɗa ba, ba da gori ba. Ranar farko zai ji haushi. Amma tsoro, in ba a ciyar da shi ba, yakan hau ya kai ƙololuwa ya sauko da kansa, kuma duk lokacin da yaro ya ga ya sauko ba tare da awo ko ƙwaya ba, ƙarfinsa na raguwa.

Kada a ce ya kwanta ya huta. Wannan kuskure ne da ake yi da sunan tausayi. Ɗaki da shiru da waya su ne gonar waswasi. A mayar da shi lakwal, a mayar da shi shago ko gareji, ya yi ƙwallo da yamma, jikinsa ya gaji gajiya ta gaskiya. A kuma dubi abin da yake sha. Samarin da ke kwana a fada suna shan shayi mai kauri zagaye uku, a bi da Nescafé ko lemun ƙara kuzari, ga sigari, sannan a yi mamakin zuciya na tsalle da ƙarfe biyun dare, barci ya ƙi zuwa. Sau da yawa rage shayin dare kaɗai na rage rabin abin. In faɗuwar gaban ta taso, ya zauna, ya ja numfashi a hankali ta hanci, ya sake shi a hankali fiye da yadda ya ja, na ƴan mintoci. Wayar kuma ta kwana a wani ɗaki.

Maigidan shago ma na da nasa rabo. Yaron da ke yawan neman izinin zuwa asibiti, kafin ka kore shi ka ce malalaci ne, zaunar da shi ka tambaye shi abin da yake tsoro. Sau da yawa abin da bai iya faɗa wa ubansa ba zai faɗa maka, kuma wata kalma ɗaya daga babba, cewa wannan abu kowane namiji na ganinsa, za ta iya sauke masa kayan shekara biyu. Mata kuma kuna da wurin zama da ya fi na kowa: ƙungiyoyin asusu irin na Mata Masu Dubara, da suka faro a jihar Maraɗi tun 1991, duk mako kuna haɗuwa. In wata ta zo neman rance karo na uku don awon ɗanta, ku tambaye ta abin da awo na farko da na biyu suka ce.

Saura hukuma. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ƴan kaɗan ne, mafi yawansu a Yamai, kuma sunan Pavillon E na babban asibitin ƙasa kaɗai ya isa ya sa uwa ta ce ɗanta ba mahaukaci ba ne, ta juya. Gaskiyarta, ba mahaukaci ba ne, kuma ba can ya kamata a fara kai shi ba. Maganin da aka tabbatar yana aiki a kan wannan cuta na zama ne da tattaunawa, inda ake koya wa mutum gane yadda tsoro ke yaudararsa da yadda zai daina duba jikinsa. A Ingila an gwada haka a kan marasa lafiya fiye da 400, aka buga sakamakon a 2014: ma'aikatan jinya da wasu ma'aikatan lafiya da aka ba gajeren horo ne suka yi aikin, zama 5 zuwa 10, kuma sauƙin da aka samu ya ɗore. Tun 2008 OMS ke da shiri na koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci kula da irin waɗannan matsaloli na damuwa. Ba na'ura ake bukata ba, ba gini ba. Muna kira ga ma'aikatar lafiya da ta sa a kowace CSI a samu ko mutum ɗaya da ya san wannan aiki, wanda in yaro ya zo karo na uku da takardun awo masu kyau a hannu, ba zai ce masa tafi ba ka da komi ba, ba kuma zai rubuta masa bitamin don ya rabu da shi ba, zai ba shi minti goma sha biyar ya bayyana masa abin da ke faruwa a jikinsa, ya kuma sa masa ranar dawowa.

Lasifikar kasuwa kuwa ba sai an jira Yamai ba. Magadan gari da sarakunan kasuwa da shugabannin sandikar ƴan kasuwa suna da ikon da za su ce wa mai magani ya sayar da kayansa amma ya daina lissafa alamomin cuta da barazanar rashin haihuwa a bainar jama'a, kamar yadda suke hana mai nama yanka a inda bai dace ba. Gidajen rediyo masu zaman kansu da ke sayar wa irin waɗannan mutane awa guda cur su ma su duba abin da ake faɗa da sunansu. Muna jiran mu ji kasuwar da za ta fara, kuma za mu kawo muku labarinta a wannan shafi.